Ahmad Baba Na Timbuktu: Malamin Da Ya Tsaya Wa Kanawa Da Katsinawa A Kasuwar Bayi

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

'Yan uwa, duk wanda ya taɓa ɗaukar littafin Nailul Ibtihaj ya duba sunan mai shi, zai ga suna ya miƙe kamar ayarin raƙuma: Ahmad Baba ɗan Ahmad ɗan Alhaji Ahmad ɗan Umar ɗan Muhammad Aƙit, Assanhaji, Almasufi, Attakruri, Attinbukti, Almaliki. Malaman Maroko kuma suka ƙara masa da Assudani. Mu ɗalibai mun saba tsallake irin waɗannan laƙubba mu faɗa cikin karatu. A wurin wannan bawan Allah kuwa ina ganin sai an tsaya a kansu, domin kowane laƙabi jama'a ce guda da take cewa nata ne, kuma kowace jama'a a cikinsu ta sa hannu a yadda ya riƙa kallon mutane har ya koma ga Ubangijinsa.

Sanhaja ƙabila ce ta Barbar, mutanen Sahara masu naɗa rawani su rufe fuska. Kada a rikita su da Barebarinmu na Borno, sunan ne kawai ya yi kama. Masufa reshe ne a cikin Sanhaja. Takrur kuwa suna ne da Larabawa suke kiran ƙasashen Musulmin Afirka ta Yamma da shi, daga nan ne kalmar Takari ta samo asali, wadda duk Bahaushen da ya ɗan zauna a Makka ko Jidda ya san ɗacinta. Sudan ɗin da ke cikin sunansa kuma ba ta Khartum ba ce, Biladus Sudan ake nufi, ƙasar baƙaƙen mutane, tun daga Tekun Atlantika har Tafkin Chadi da gaba. To ka ga mutum ɗaya: a Timbuktu ana lissafa gidansu a layin mutanen Sahara, waɗanda ake ce wa farare, a Maroko kuma ana ce masa mutumin ƙasar baƙaƙe.

An haife shi a shekarar 1556, wato 963 bayan Hijira, lokacin da Timbuktu take ƙarƙashin daular Songhai ta sarakunan Askiya. Gidansu gidan alƙalanci ne. Ɗan uwan kakansa, Mahmud ɗan Umar, ya riƙe alƙalancin garin kusan shekara hamsin, bayansa 'ya'yansa suka gaje shi ɗaya bayan ɗaya, cikinsu har da Alƙali Aƙib wanda ya sake gina masallacin Sankore.

Amma tun kafin a haife shi gidan nan ya ɗanɗana abin da ake kira a hukunta ka da sunan jama'arka. Da Sonni Ali ya karɓe Timbuktu daga hannun Buzaye wajen 1468, sai ya ɗauki malaman Sanhaja a matsayin mutanen Buzaye, ya matsa musu. Gidan Aƙit suka tattara suka gudu Walata, wadda yau take cikin Muritaniya. Kakan Ahmad Baba, Alhaji Ahmad, yana cikin waɗanda suka yi wannan gudun. Daga baya ya tafi aikin Hajji a 1485, ya haɗu da Imamu Suyuɗi a Masar. A hanyar dawowa, da yake gida bai lafa ba, sai ya shiga Kano da wasu garuruwan ƙasar Sudan ya zauna yana karantarwa. Zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ke nan. Ku riƙe wannan, zai yi mana amfani a gaba: a gidan su Ahmad Baba, Kano gari ne da kaka ya zauna a ciki, ya ci tuwonsu, ya yi sallah a sahunsu, ya karantar da 'ya'yansu.

Ahmad Baba ya fara karatu a hannun mahaifinsa da baffanninsa. Sai dai malamin da ya fi kowa tasiri a kansa daga wajen dangi ya fito, shi ne Muhammad Bagayogo Alwangari, wanda asalin gidansu Jenne ne. Bawangare ne, baƙar fata, daga cikin Wangarawan nan masu fatauci da karatu waɗanda tarihin Kano ya ce su suka shigo da Musulunci birnin a zamanin Sarki Yaji. Ahmad Baba ya lazimce shi sama da shekara goma. Ya karanta Mukhtasar na Khalil a gabansa wajen sau takwas, ya karanta Muwaɗɗa, da Tashil na Ibnu Malik, da littattafan usulu da balaga da manɗiƙi. Ya siffanta shi da mutum mai haƙuri da daƙiƙin ɗalibi, wanda zai yini yana maimaita wa mutum karatu bai gaji ba, mai ba da aron littattafansa masu tsada ga wanda bai ma sani ba, wani lokaci a dawo da su wani lokaci a tafi ke nan. Da ya zo lissafa wanda yake ganin shi ne mujaddadin ƙarni na goma, bai ɗauko baffansa alƙali ba, bai ɗauko wani daga Fas ko Alƙahira ba, wannan Bawangaren ya ambata.

Ni a ganina daga nan aka fara. Yaron da ya shekara goma yana durƙuso a gaban baƙin mutum, yana ɗaukar masa takalmi, yana ganin manyan gidansu suna girmama shi, da wuya wani ya zo daga baya ya gamsar da shi cewa baƙar fata alamar ƙasƙanci ce. Ba sai an kawo masa hujja ba, fuskar malaminsa za ta riga hujjar zuwa.

Yana da shekara talatin da 'yan kai, ya riga ya zama malami mai rubuce-rubuce, har yana da wani littafi a kan nisantar azzaluman masu mulki, sai duniyarsu ta kife. Sarkin Maroko, Ahmad Almansur, wanda ake wa laƙabi da Azzahabi, ya daɗe yana jayayya da Songhai a kan ma'adinin gishiri na Tagaza, idonsa kuma yana kan zinare. Ya tura runduna ta wajen mutum 4,000 masu bindiga ƙarƙashin Judar Basha, wani haifaffen Sifaniya da ya tashi a fadarsa. Suka keta Sahara, suka haɗu da Askiya Ishaƙ na Biyu a Tondibi kusa da Gao a watan Maris 1591. Songhai suna da yawa, amma mashi da kibiya ba su iya da harsashi ba. Daular ta watse. Kuma a lura fa, Musulmi ne suka auka wa Musulmi, 'yan Malikiyya a kan 'yan Malikiyya, sarkin da ya aiko rundunar kuma yana kiran kansa Halifa, yana jingina kansa ga gidan Manzon Allah (SAW).

A nan ne laƙubban Ahmad Baba suka ja shi ta fuska biyu. Ta jini, ya fi kusa da mutanen Maroko, domin Sanhaja sun cika kudancin ƙasar, su ne ma suka kafa birnin Marakish a zamanin Murabiɗai. Ta harshen karatu da mazhaba duk abu ɗaya ne. Da ya so, da ya ce shi ai ɗan uwa ne, rikicin nan tsakaninku ne da baƙaƙen Gao. Amma shi ɗan Timbuktu ne, maƙwabtansa da ɗalibansa da malaminsa su ne ake kwace wa gidaje. Gidan Aƙit suka ƙi ba da kai yadda ake so, masu mamaya suka ɗauke su a matsayin tushen turjiya. A watan Oktoba 1593 Basha Mahmud ɗan Zarƙun ya tara malamai a masallacin Sankore da sunan sabunta mubaya'a, aka rufe ƙofofi aka kame su. Aka kashe wasu a hanyar kai su inda za a tsare su, aka wawashe gidajensu. Shekara ɗari da ashirin da 'yan kai da suka wuce an kori gidan nan don an ce mutanen Buzaye ne, yanzu kuma an kama su don sun tsaya tare da mutanen ƙasar Songhai.

A 1594 aka ɗora su a raƙuma, maza da mata da yara, aka nufi Marakish da su, da mari a ƙafafunsu. Cikinsu har da tsohon alƙalin garin, Umar ɗan Mahmud, wanda can ya rasu. A hanya Ahmad Baba ya faɗo daga kan raƙumi ya karye a ƙafa. An kwashe masa littattafai 1,600, kuma shi da kansa ya nuna cewa a cikin danginsa shi ne mai mafi ƙarancin littattafai. A wannan shekarar ce kuma malaminsa Bagayogo ya rasu a Timbuktu, ɗalibin yana can a ɗaure bai samu yi masa sallah ba.

Hanyar da aka bi da su, 'yan uwa, ita ce hanyar da fatake suke bi da bayi zuwa arewa. Ba a sayar da Ahmad Baba ba, ba a kira shi bawa ba, fursunan sarki ne. Amma ɗan gidan alƙalai, wanda ya tashi a garin da ake cinikin bayi a kasuwa, ya ji nauyin ƙarfe a ƙafarsa, ya ga yadda ake raba mutum da gidansa da dukiyarsa a yini guda, ya keta hamada ba da son ransa ba. Wannan ma wata jama'a ce da ya shiga, jama'ar waɗanda aka kamo, duk da ba a rubuta ta cikin laƙubbansa ba.

Ya yi shekara biyu a tsare. A 1596 aka sake shi bisa sharaɗin ba zai bar Marakish ba. Malaman garin suka matsa masa ya zauna ya karantar, ya zauna a Masallacin Shurafa, majalisinsa ya cika. Alƙalai da masu ba da fatawa suka zo suka zauna a gabansa. Ahmad Almaƙƙari, wanda daga baya ya rubuta Nafhuɗ Ɗib, yana cikin waɗanda suka karɓi ilimi da ijaza a wurinsa. Tambayoyin fatawa suka riƙa zuwa masa daga sassan ƙasar. Mutumin da aka shigo da shi a ɗaure, ana ce masa Basudane, shi ne ya koma malamin malamansu.

Masanin tarihin Maroko, Al'ifrani, ya kawo labarin shigarsa wurin Almansur bayan an sake shi. Ya tarar sarkin yana magana da mutane ta bayan labule. Ahmad Baba ya nuna masa cewa magana ta bayan shamaki siffa ce da Allah Ya ambata wa kanSa a Alƙur'ani, bai kamata bawa ya kwaikwayi Ubangijinsa ba, in yana da magana da shi ya ɗage labulen. Aka ɗage. Sai ya tambaye shi dalilin da ya sa aka kwashe masa kaya, aka watsa masa littattafai, aka ɗauro shi tun daga Timbuktu har ya karye. Sarki ya kawo hanzarin cewa so yake ya haɗa kan Musulmi, kuma idan manya irinsa suka bi, na ƙasa za su bi. Malam ya tambaye shi me ya hana shi fara haɗa kan da Turkawan da ke Tilimsan, ga su nan kusa da shi. Sarki ya kawo hadisin da ke cewa a ƙyale Turkawa matuƙar sun ƙyale mutane, Malam ya mayar masa da wata magana da ake jingina wa Ibnu Abbas mai nuna akasin haka, sarki ya yi shiru. Abin da nake ji a ƙarƙashin wannan tambaya shi ne: Turkawa suna da igwa, mutanen Songhai ba su da ita, kuma baƙaƙe ne, shi ya sa aka ga nasu jinin ya fi araha.

A wannan zaman na Marakish ya kammala Nailul Ibtihaj, cikon littafin Addibaj na Ibnu Farhun a kan tarihin malaman Malikiyya, mai ɗauke da tarihin malamai kimanin 800. Daga baya ya taƙaita shi a Kifayatul Muhtaj. Duba abin da ya yi a ciki. Ya jero manyan Fas da Tunis da Andalus da Masar, sannan a tsakiyarsu, bisa jerin haruffa, ba tare da ware musu wani lungu ba, ya saka malaman ƙasarsa. Ga Bagayogo, ga Aƙib Al'ansamuni na yankin Azbin a Nijar ta yau, ga Makhluf Albalbali wanda ya karantar a Kano da Katsina, ga Muhammad Attazakhti wanda ya zama alƙalin Katsina ya rasu a can. Da yawa daga abin da muka sani yau game da malaman da suka zauna a ƙasar Hausa a wancan ƙarni, ta hannun wannan fursunan ya iso mana. Ya rubuta da Larabcin da malaman Maroko ba su da abin gyarawa a ciki, ya sa su karanta sunayen mutanen da sojojinsu suke yi wa kallon kayan ganima.

Almansur ya mutu da annoba a 1603, 'ya'yansa suka shiga yaƙin gado. Ɗansa Zaidan ya ba Ahmad Baba izinin komawa gida. Mafi yawan waɗanda aka kamo tare da shi sun riga sun rasu a can. An ruwaito cewa ranar tafiyarsa malaman gari suka fito rakiya, wani ya kama hannunsa ya karanta masa ayar nan ta ƙarshen Suratul Ƙasas da aka saba karanta wa matafiyi don fatan ya dawo. Malam ya fizge hannunsa, ya roƙi Allah kada Ya sake dawo da shi wannan ƙasa. Shekara goma sha uku yana cikinsu, ɗalibansa ne, abokansa ne, ya ba su ijaza sun yabe shi a littattafansu, amma miki bai warke ba. Ya iso Timbuktu a 1608.

Yanzu mu zo kan abin da ya sa na ɗauko tarihinsa.

Tambayoyi suka iso masa daga Tuwat, dausayin nan da ke cikin Aljeriya a yau, inda Shehu Magili ya zauna kafin ya zo Kano. Tuwat zango ne na fatake, bayin da aka kwaso daga kudu ta nan ake wucewa da su. Mai tambayar, Sa'id ɗan Ibrahim Aljirari, yana son sanin hukuncin bayin da ake kawowa daga ƙasashen da aka san mutanensu Musulmi ne, ya ambaci Borno da Afnu da Kano da Gao da Katsina. Afnu ɗin nan kuwa mu ne, shi ne Afuno da Barebari suke kiran Hausawa da shi har gobe. A cikin tambayoyin akwai wata dabara da 'yan kasuwa suke fakewa da ita: wai ƙila tun farko da yaƙi aka ci waɗannan ƙasashe suna kafirai, don haka bauta ta riga ta hau kan kakanninsu, Musuluncin da suka yi daga baya ba zai kankare ta ba. Akwai kuma maganar da ta yaɗu a bakin mutane cewa baƙaƙe zuriyar Ham ɗan Annabi Nuhu ne, wai uban ya yi masa baki, fatarsa ta yi baƙi, aka ƙaddara wa 'ya'yansa bauta.

Amsar da ya ba su ita ce littafin Mi'irajus Su'ud, wanda kuma ake kira Alkashfu wal Bayan. Ya warware zancen cin ƙasa da yaƙi da sanin ɗan gida. Ya bayyana cewa mutanen Borno da Kano da Katsina da Songhai da Kabi da Gobir da Mali da wani ɓangare na Zazzau, da mafi yawan Fulani, Musulmi ne da suka karɓi addini da kansu tun da daɗewa, babu wanda ya ci su da yaƙi ya bautar da su, saboda haka 'ya'ya ne, mallakarsu haramun ce ta kowace fuska. Maganar Ham kuma ya nuna ba ta da tushe ingantacce. Ya kafa hujja da hadisin da ke nuna an halicci Annabi Adamu daga damƙar ƙasa da aka ɗebo daga ko'ina a doron duniya, shi ya sa 'ya'yansa suka fito launi-launi, ya kuma kawo bayanin Ibnu Khaldun cewa launin fata daga yanayin ƙasa da zafin rana yake. Ya tsaya a kan cewa a fiƙihun da ya gada, dalilin bauta shi ne a kama mutum a yaƙi yana kafiri, kuma a wannan babu bambanci tsakanin jinsi da jinsi. Da ya zo kawo misalan waɗanda hukuncin zai iya hawa kansu, ya ambaci Nasara da Yahudu da Farisawa, sannan ya ambaci Barbar. Ƙabilarsa ke nan fa. Ya sa nasa a kan sikelin da ya sa na wasu.

Bai ɓoye laifin namu ba kuma, kuma wannan wurin yana da ciwo ga Bahaushe. Ya faɗa wa mutanen Tuwat cewa sarakunan waɗannan ƙasashe sukan yi faɗa a junansu, wannan ya kai wa wancan hari ya kwaso mutane, Musulmi 'ya'ya, ya sayar, kuma abin ya zama ruwan dare. Misalin da ya kawo shi ne Katsinawa suna kai wa Kano hari, alhali harshensu ɗaya, yanayin rayuwarsu ɗaya. Wato Bakanon da ya tsinci kansa a kasuwar Tuwat, sau da yawa ɗan uwansa mai jin Hausa ne ya fara ɗaure shi. Wallahi duk lokacin da na zo wannan wuri sai na ji kunya ta kama ni, don malami ne a nesa yake ƙoƙarin kwance igiyar da 'yan gida suka ƙulla.

Sai mas'alar da ta fi kowacce amfani ga wanda ke ɗaure. Idan bawa ya ce shi ɗa ne, Musulmi ne daga ƙasa kaza, mai shi kuma ya ce ƙarya yake, wa za a nema wa shaida? Ɗan kasuwa zai so a ce bawan ya kawo. To ina wanda aka kwaso daga ƙauyen Gobir zai samo shaidu biyu a tsakiyar Sahara, ba dangi, ba harshe? Ahmad Baba ya rinjayar da cewa idan mutum ya fito daga ƙasar da aka san ta da Musulunci, maganarsa ake karɓa, mai da'awar mallaka shi zai tabbatar da ita. Ya jingina wannan ga fatawar Makhluf Albalbali, wanda ya zauna a Kano da Katsina ya ga abin da idonsa, da kuma aikin ɗan uwan kakansa Alƙali Mahmud, wanda yakan cire irin wannan mutum daga hannun mai shi har sai an tabbatar da mallakar, in ba a tabbatar ba ya sake shi. Ya kuma ja hankalin masu saye cewa inda aka yi shakka, barin sayen shi ne tsantseni. Har wanda bautarsa ta tabbata a shari'ance, ya yi wasiyya a tausaya masa, yana tunatar da cewa zama mallakar wani kaɗai ya isa ya karya zuciya, ga kuma rabuwa da gida, kuma Allah da Ya ba ka iko a kansa da Ya so da shi Ya ba iko a kanka. Wanda ya rubuta wannan ya san rabuwa da gida, ya san kuma yadda mai iko yake wayar gari a ɗaure.

Ka duba yadda kowace amsa take da jijiya a rayuwarsa. Kano ta kakansa ce. Baƙar fata ta malaminsa ce. Ƙa'idar shaida ta gidansu ce ta alƙalai. Tausayin ɗaurarre nasa ne na kansa. Larabci da Malikiyya su suka sa mutanen Tuwat suka aiko masa tun farko, suka kuma saurare shi, da wani malami ne da ba su ɗauka nasu ba da ƙila ko tambayar ba za su yi ba. Ban ce dalilan shari'a ba su ne madogararsa ba, su ne. Amma littattafan nan suna hannun malamai da yawa a Fas da Marakish, kuma ciniki yana ta tafiya. Sanin mutanen shi ya sa ya ga inda ake karkatar da nassi.

Mu ma ai haka muke, in mun lura. Mutum ɗaya Bafulatani ne ta uba, Bahaushe ta harshe, kakarsa Babarbariya, ya yi karatun allo a Zariya, yana kasuwa a Kumasi ko Legas. Irin wannan idan aka zo ana yi wa wata ƙabila kuɗin goro a intanet, sai ka ga bakinsa ya yi nauyi, don duk inda aka jefa dutsen akwai nasa a wurin. Wanda kuwa bai taɓa fita daga da'ira ɗaya ba, shi ne ya fi saurin yanke wa miliyoyin mutane hukunci a layi biyu.

Sai dai amana ta ilimi ta sa dole in faɗi inda tausayin Ahmad Baba ya tsaya. Bai ce a daina bauta ba, ɗan zamaninsa ne, a cikin fiƙihun zamaninsa yake magana. Kuma bayan ya jero ƙasashen Musulmi, ya jero wasu jama'u da ya ce kafirai ne, wanda aka kamo daga cikinsu ya halatta a mallake shi: Mosi, Gurma, Busa, Borgu, Dagomba, Kotokoli, Yarabawa, da wasu. Babu ko ɗaya daga cikin laƙubbansa da ya haɗa shi da waɗannan. Nan ne mutumin da ya ƙi yarda a yi wa mutane hukunci da launin fata ya miƙa wa fatake jerin sunayen ƙabilu. Manufarsa ya kare Musulmi, na yarda. Amma jeri irin wannan idan ya shiga hannun ɗan kasuwa, ba ya tambayar mutum me ya yi imani da shi, ko ta wace hanya aka kamo shi, da yaƙi ne ko da sata, sunan ƙabilarsa kawai zai duba. Sannan jama'a ba ta tsayawa wuri ɗaya. Yau mafi yawan Dagomba a Gana Musulmi ne, haka Kotokoli a Togo, Yarabawa kuwa miliyoyinsu ne suke sallah, Ilori ta fitar da malaman da mu kanmu muke karanta littattafansu. Ina girmama Malam ƙwarai, kuma wannan shafi na littafinsa ba na jin daɗin karanta shi.

Littafin ya yi tafiya bayansa. Bayan kusan shekara ɗari biyu, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kawo maganarsa a Bayanu Wujubil Hijra lokacin da yake tattauna hukuncin ƙasashen Sudan, kuma sayar da 'ya'yan Musulmi yana cikin abubuwan da malaman jihadi suka yi kuka da su a kan sarakunan zamaninsu. Ciwon da Ahmad Baba ya nuna da yatsa a 1615 yana nan bai warke ba har 1804.

Ya ƙarasa rayuwarsa a Timbuktu yana karantarwa yana ba da fatawa, a garin da jikokin sojojin da suka kama shi suka zama masu mulki, suka auri 'yan gari, har suka koma wata ƙabila ta garin da ake kira Arma. Ya bar littattafai fiye da 40. Ya rasu a watan Afrilu 1627, wato Sha'aban 1036, yana da shekara saba'in. Cibiyar adana tsofaffin rubuce-rubuce da aka buɗe a Timbuktu a 1973 sunansa take ɗauke da shi.

Allah Ya jiƙan Malam Ahmad Baba, Ya jiƙan malaminsa Muhammad Bagayogo, Ya gafarta musu, da waɗanda aka bi da su ta wannan hanya ta hamada ba su dawo ba.